Tsanin da Ba Ya Fitowa a Hoto: Yadda Matasa Ke Kaiwa Gaci a Ƙananan Hukumomi da Kasuwanci

A watan Disambar 2019, ranar da Sanna Marin ta zama firaministar Finland tana da shekara 34, kusan duk jaridun duniya da shekarunta suka buɗe labarin. Ba su yi ƙarya ba, amma daga ƙarshe suka faro. Shekara 11 kafin wannan rana, a 2008, ta nemi kujerar kansila a birnin Tampere ta faɗi. Ta sake fitowa a 2012 ta ci, a 2013 aka ɗora ta shugabancin majalisar birnin, ta riƙe har 2017. A kan wannan kujera ta jagoranci zaman muhawara masu tsawo da zafi game da shimfiɗa layin dogo a cikin gari, kuma bidiyon yadda take riƙe zaman sa'o'i da yawa ba tare da ya watse ba ne ya fara sa mutanen ƙasar suka san fuskarta. Daga nan sai majalisar ƙasa a 2015, sai minista a watan Yunin 2019. Kafin duk wannan, ta yi aikin karɓar kuɗi a kanti tana ɗaliba.

Na fara da ita ne saboda abin da ke damuna game da yadda ake ba da labarin matasan da suka yi zarra, ko a mulki ko a kasuwanci. Ana ƙirga shekarun mutum, ba a ƙirga matakan da ya taka. Matashin da ya karanta irin wannan labari yakan tashi da ɗayan tunani biyu, kuma dukkansu cutarwa ne: ko ya ce shi kam lokaci ya wuce masa tunda ya kai 30 bai zama komai ba, ko ya ce abin baiwa ce da sa'a, don haka babu abin koyo a ciki. Alhali idan aka warware tarihin waɗannan mutane zare-zare, sai a tarar da tsani a ƙarƙashin kowannensu. Wani shi ya haɗa nasa, wani aro aka ba shi, wani kuwa gado ya ci. Sanin wane iri ne shi ne ainihin darasin.

Ba banza ba ake yawan haɗa ƙaramar hukuma da kasuwanci idan ana maganar matasa. Su biyun ne ƙofofin da ba su yi tsawon da zai fi ƙarfin mai ƙarancin shekaru ba. Neman kujerar majalisar ƙasa na buƙatar kuɗi da suna da dangantakar da sai an shekara ana tarawa, haka ma shugabancin babban kamfani. Amma mazaɓar kansila wuri ne da mutum zai iya zagayewa da ƙafa, ƙaramin kamfani kuma mutum biyu da ɗaki ɗaya sun isa su fara shi. Ƙungiyar majalisun dokoki ta duniya ta sha bayyana cewa 'yan majalisar ƙasa masu ƙasa da shekara 30 ba su kai kashi 3 cikin 100 ba a faɗin duniya, alhali kusan rabin mutanen duniya ba su kai wannan shekarun ba. To ina sauran masu sha'awar jagoranci suke nufa? Ƙasa suke gangarowa, inda ƙofa ta fi kusa.

Akwai kuma abin da ya fi wannan zurfi. A wuraren biyu ba a ɓoye sakamako. Minista zai iya shekara yana jawabi kan manufa ba a gane ya yi aiki ko bai yi ba. Kansila ko magajin gari kuwa, idan ba a kwashe shara ba hanci zai faɗa, idan magudanar ruwa ta toshe damina za ta tona, idan fitilar titi ta mutu wanda ya zaɓe shi zai tare shi a hanya ya tambaya. Mai ƙaramin kamfani ma haka: ranar biyan albashi ba ta jin uzuri, abokin ciniki da aka ɓata wa rai kuma ba ya rubuta takardar koke, wani wuri kawai yake komawa. Wannan matsin na ido da ido shi ne makarantar. Shi ke koya wa mutum ƙirga kuɗi, da sauraron wanda ya fusata, da cewa a'a ba tare da ya yi abokin gaba ba.

Mu ɗauki ƙaramar hukuma tukuna. Hanyoyin da matasa ke bi su shiga ba su da yawa, kuma mafi tsufa a cikinsu ita ce ta jam'iyya. Ita Marin ta bi. Ita ce kuma Arya Rajendran ta bi a Indiya, wadda ta zama magajiyar garin Thiruvananthapuram, babban birnin jihar Kerala, a watan Disambar 2020 tana da shekara 21. Shekara 21 ita ce mafi ƙarancin abin da doka ta yarda a tsaya irin wannan takara a Indiya, don haka labarin ya zagaya duniya. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne tun tana yarinya take cikin ƙungiyar yara ta jam'iyyarta, daga can ta shiga ƙungiyar ɗalibai. Wato a ranar da aka rantsar da ita, ta riga ta yi shekaru tana shirya taro, tana magana a gaban jama'a, tana ganin yadda ake yanke shawara. Hanyar jam'iyya tana da wannan alheri, tana horar da mutum kuma tana ɗauke masa nauyin kuɗin kamfe. Farashinta shi ne biyayya. Wanda jam'iyya ta ɗora, jam'iyya na iya sauke shi, kuma sau da yawa ranar da ra'ayinsa ya saɓa da na manya yake gane iyakar kujerarsa.

Hanya ta biyu ta masu dawowa gida ce da ilimi ko gogewar da suka samo a waje. Pete Buttigieg ya yi karatu a Harvard da Oxford, ya yi aiki a kamfanin ba da shawara na McKinsey, ya nemi kujerar ma'ajin jihar Indiana ta Amurka a 2010 ya sha kaye, sannan a 2011 aka zaɓe shi magajin garin South Bend yana da shekara 29. Birni ne mai mutum wajen dubu 100 da masana'antu suka gudu suka bari da kangwaye, kuma aikin da ya fara yin suna da shi shi ne gyara ko rushe gidaje 1,000 da aka yi watsi da su cikin kwana 1,000. Ba aiki ne mai ƙyalƙyali ba, har wasu mazauna unguwannin talakawa sun koka cewa an yi gaggawa a kansu, amma aiki ne da ake iya ƙirgawa. Ya zama sakataren sufuri na Amurka a 2021. Chhavi Rajawat kuma ta bar aikin kamfani a birni, da digirinta na biyu a harkar gudanar da kasuwanci, ta koma ƙauyen Soda a jihar Rajasthan aka zaɓe ta shugabar majalisar ƙauyen a 2010. A nan ma akwai abubuwa biyu a ƙarƙashin labarin: kakanta ya taɓa riƙe wannan kujera, sannan gyaran tsarin mulkin Indiya na 1992 ya ware aƙalla kashi ɗaya cikin uku na kujerun majalisun ƙauyuka ga mata. Faɗin haka bai rage mata komai ba. Ya dai nuna cewa ƙwazo shi kaɗai bai buɗe ƙofar ba, doka da sunan gida sun taimaka wajen turawa.

Hanya ta uku ita ce gado, kuma ita ce aka fi sakaya ta da kalmar "matashi". Gibran Rakabuming ya fara da kasuwancin dafa abincin biki, aka zaɓe shi magajin garin Solo a Indonesiya a ƙarshen 2020 yana da shekara 33, ya zama mataimakin shugaban ƙasa a 2024. In aka tsaya nan, labari ne mai daɗin ji. Amma mahaifinsa Joko Widodo ne shugaban ƙasa a lokacin. Dokar zaɓe ta ce sai mai shekara 40 zai nemi wannan muƙami, shi kuwa yana 36, sai kotun tsarin mulki ta yanke a watan Oktoban 2023 cewa wanda ya taɓa cin zaɓen shugabancin yanki zai iya tsayawa ko bai kai ba. Shugaban kotun a lokacin, Anwar Usman, mijin 'yar'uwar shugaban ƙasa ne, kuma kwamitin ɗa'a ya sauke shi daga shugabancin kotun saboda wannan shari'a. Matashi ya hau, gaskiya ne. Amma babu wani matashin Indonesiya da zai iya bin wannan hanya sai wanda aka haifa a gidan.

Wannan ya kawo mu ga dokokin rage shekarun takara, waɗanda nake goyon baya amma ba na son a ɗora musu abin da ba za su iya ɗauka ba. A Najeriya, gyaran da aka sa wa hannu ranar 31 ga Mayun 2018 ya rage shekarun takarar shugaban ƙasa daga 40 zuwa 35, na majalisar wakilai da majalisun jihohi daga 30 zuwa 25. Nasara ce da ƙungiyoyin matasa suka yi shekaru suna fafutuka a kai. Sai dai doka tana cire sakata ne kawai. Tikitin jam'iyya, da kuɗin zagaye, da wakilan da za su tsaya a rumfar zaɓe, duk suna hannun waɗanda suke hannunsu tun da. Matashin da ba shi da nasa sai ya nemi ubangida, kuma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. A nan ne yawancin alkawuran matasa ke mutuwa, tun kafin rantsuwa.

Sannan ko an ci zaɓen, sai a duba ko kujerar na da iko. Wannan batu ne da masu yabon matasa ba sa taɓawa, alhali shi ke yanke ko mutum zai koyi wani abu ko zai zauna yana sa hannu a takardar albashi. Najeriya na da ƙananan hukumomi 774, amma shekara da shekaru kuɗinsu ta asusun haɗin gwiwa da jihohi yake bi, gwamnoni da yawa kuma suna naɗa kantomomin riƙo maimakon a yi zaɓe, har sai da Kotun Ƙoli ta yanke ranar 11 ga Yulin 2024 cewa a riƙa biyan kuɗin kai tsaye kuma shugabannin da ba zaɓaɓɓu ba ba su da hurumi. Kenya kuwa, tsarin mulkinta na 2010 ya kafa gundumomi 47 da suka fara aiki a 2013, da kasonsu na kuɗi da majalisunsu da ikon kula da lafiya da hanyoyin karkara. Matashi mai shekara 30 a waɗannan tsare-tsare biyu ba aiki ɗaya yake yi ba, ko da sunan muƙamin ya yi kama. Inda babu kasafin kuɗin da mutum zai tsara da kansa ya kare a gaban jama'a, babu makaranta.

A ɓangaren kasuwanci, tatsuniyar ta fi ƙarfi, domin kowa ya san Mark Zuckerberg ya fara Facebook a 2004 yana da shekara 19. Amma akwai binciken da ya kamata duk mai son kafa kamfani ya sani. Pierre Azoulay da Benjamin Jones da abokan aikinsu biyu sun bi bayanan hukumar ƙidaya ta Amurka kan mutum miliyan 2.7 da suka kafa kamfanoni tsakanin 2007 da 2014. Matsakaicin shekarun masu kafawa ya kusa 42. Da suka ware kamfanoni mafiya saurin bunƙasa, ɗaya cikin kowane dubu, sai matsakaicin ya hau zuwa 45. Mai shekara 50 ya kusa ninka mai shekara 30 sau biyu wajen yiwuwar kafa kamfanin da zai kai wannan sahu. Wani muhimmin abin da ya bambanta su kuwa shi ne gogewa a cikin sana'ar da suka buɗe kamfani a kanta.

Ban kawo wannan don in kashe wa kowa gwiwa ba. Binciken Amurka ne, kuma a ƙasashen da aikin albashi ya yi ƙaranci matasa na shiga kasuwanci da wuri ne saboda babu zaɓi. Amma saƙonsa yana aiki ko'ina: abin da ake kira hazaƙar matashin ɗan kasuwa, in aka bincika, sau da yawa ilimin da ya tara ne a ƙarƙashin wani. Jeff Bezos yana da shekara 30 ya kafa Amazon a 1994, bayan shekaru yana aiki a kamfanonin hada-hadar kuɗi na New York, kuma iyayensa sun zuba masa kusan dala dubu 245. Strive Masiyiwa injiniya ne a hukumar sadarwa ta Zimbabwe kafin ya fita ya buɗe nasa, don haka ya san cikin gidan da ya yi wajen shekara biyar yana shari'a da shi kafin kamfaninsa na wayar salula, Econet, ya fara aiki a 1998. Shola Akinlade ya rubuta wa bankuna manhaja kafin su kafa Paystack, kamfanin biyan kuɗi ta intanet na Najeriya, a 2015, kuma a can ya ga inda biyan kuɗi ta intanet ke cijewa. Kamfanin Stripe na Amurka ya sayi Paystack a 2020. Aliko Dangote ya fara a 1977 yana da shekara 20, amma a gidan fatauci ya tashi, kuma daga dangi ya samu jarin farko. Babu ɗaya daga cikinsu da ya faro daga babu. Kowa ya zo da ɗayan uku, ko duka: sanin sana'ar, ko jarin da in ya narke ba za a kwana da yunwa ba, ko mutanen da za su ɗaga waya in ya kira.

Batun jari ya cancanci a tsaya a kansa, domin a nan ne rashin adalcin yake. Alƙaluman hukumar ƙwadago ta Amurka sun daɗe suna nuna cewa kusan ɗaya cikin biyar na sabbin kamfanoni ba sa cika shekara, kusan rabi kuma ba sa kai shekara biyar. Faɗuwa ke nan ba abin mamaki ba ce, ita ce al'ada. Bambancin ɗan mai hali da ɗan talaka ba a wayo yake ba, a yawan faɗuwar da kowannensu zai iya ɗauka yake. Na farko zai karye sau biyu ya tashi a na uku da darasin biyun a aljihu, a kira shi jajirtacce. Na biyu karyewa ɗaya ta ishe shi ya shekara biyar yana biyan bashi. Shi ya sa shirye-shiryen da ke ba da ƙaramin jari tare da horo suke da muhimmanci fiye da girman kuɗin. Gidauniyar Tony Elumelu, misali, ta fara wani shiri a 2015 da alkawarin dala miliyan 100 ga 'yan kasuwa 10,000 na Afirka cikin shekara goma, kowa dala 5,000. Kuɗin ba zai gina masana'anta ba, amma yana saya wa mutum damar gwadawa ba tare da ya jinginar da gidan iyayensa ba.

Akwai kuma illar da yabon wuri ke yi wa su kansu waɗanda ake yabo. Mujallar Forbes ta fara fitar da jerin matasa 'yan ƙasa da shekara 30 a 2011, kuma shiga jerin ya zama abin da masu zuba jari ke kallo. Sam Bankman-Fried ya shiga, daga baya kotu ta same shi da laifin damfara a 2023, a 2024 aka yanke masa ɗaurin shekara 25. Charlie Javice ta shiga, ta sayar wa bankin JPMorgan kamfaninta kan dala miliyan 175 a 2021, a 2025 kotu ta same ta da laifin ƙara yawan masu amfani da manhajar da ƙarya. Mafi yawan waɗanda ke jerin mutanen kirki ne masu aiki tuƙuru. Amma idan lada yana kan saurin kaiwa, ba a kan ingancin abin da aka gina ba, dole a samu masu yanke hanya.

Inda hanyoyin biyu suka haɗu ya fi ko'ina ban sha'awa, ya kuma fi ko'ina haɗari. Joko Widodo, mahaifin Gibran ɗin nan, shi ne misalin da ya fi nuna alherin haɗuwar. Ya karanta ilimin gandun daji, ya buɗe kamfanin kujeru da gadaje a ƙarshen shekarun 1980, ya yi shekaru yana fitar da kaya ƙasashen waje, sannan ya zama magajin garin Solo a 2005 yana da shekara 44. Aikin da ya ɗaga sunansa shi ne mayar da masu kasa kaya kusan dubu daga wani dandali zuwa sabuwar kasuwa. A wurare da yawa da kulki da motar rusau ake yin wannan. Shi kuwa zama ya yi ta yi da su, fiye da sau 50, yana sauraro yana ciniki, har suka tashi da kansu cikin jerin gwano a 2006. Wannan haƙurin ɗan kasuwa ne da ya san ciniki ba ya faɗawa a zama ɗaya, ya kuma san abin da rasa wurin sana'a ke nufi ga mai iyali. Aka sake zaɓensa a 2010 da fiye da kashi 90 cikin 100 na ƙuri'u, ya zama gwamnan Jakarta a 2012, shugaban ƙasa a 2014.

Amma ba komai ne ke ƙetarawa daga kamfani zuwa hukuma ba. Herman Mashaba ya kafa kamfanin kayan gyaran gashi na Black Like Me a Afirka ta Kudu a 1985, yana ɗan shekara 25, a zamanin wariyar launin fata da doka kanta ke tare wa baƙar fata hanyar kasuwanci. Ya zama magajin garin Johannesburg a 2016 a kan gwamnatin gamin gambiza, ya ajiye muƙamin a 2019 bayan ya saɓa da jam'iyyarsa. A kamfani, mai shi zai yanke hukunci da safe a aiwatar da rana. A hukuma akwai kansilolin da ba shi ya ɗauke su aiki ba, da dokar ba da kwangila, da ƙungiyar ma'aikata, da jam'iyya. Sannan kamfani na iya zaɓar abokan cinikinsa ya bar waɗanda ba riba a kansu. Hukuma ba ta da wannan dama, unguwar da ba ta iya biyan haraji ita ta fi buƙatar famfo.

Haɗarin kuwa a kwangila yake. Ƙaramar hukuma ce ke ba da lasisi, ita ke raba rumfunan kasuwa da filaye, ita ke ba da aikin gini da na kawo kaya. Ga matashin ɗan kasuwa, ita ce sau da yawa babbar abokiyar ciniki ta farko, kuma wannan ba laifi ba ne. Kenya ma ta mayar da shi doka, ta ware kashi 30 cikin 100 na sayayyar gwamnati ga kamfanonin matasa da mata da masu buƙata ta musamman. Matsalar tana farawa ne ranar da mai ba da kwangila da mai karɓa suka zama mutum ɗaya, ko ɗan'uwa, ko wanda ya biya kuɗin kamfe. Daga nan kasuwancin ya daina koyon gasa, tunda ba ya buƙatar ya fi kowa iyawa, kujerar kuma ta daina zama hidima. Irin wannan matashi zai yi kuɗi da wuri, a saka shi cikin jerin masu nasara, amma ranar da kujerar ta kuɓuce kamfanin ba ya kai shekara. Ni a ganina duk wanda zai tsallaka daga kasuwanci zuwa hukuma, ya bayyana kadarorinsa a fili, ya cire hannunsa daga kamfanin, ya kuma fita daga zauren duk ranar da za a tattauna abin da ya shafe shi. Ba don ana zarginsa ba, don kada ya sa kansa a inda ko waliyyi zai sha wuya.

Akwai wasu matasan da ba sa shiga kowane jeri, kuma ina jin haushin yadda ake mantawa da su. Su ne ma'aikatan hukumar: mai tsara gari, da akanta, da jami'ar lafiya, da injiniyan ruwa, da mai kula da rajistar filaye. Ba a zaɓensu, ba sa fitowa a allon talla, amma su ne ke nan idan ciyaman ya tafi wani ya zo. Duk magajin garin da aka yaba wa aiki, da hannun irin waɗannan ya yi shi. Hanyarsu a hankali take tafiya, jarrabawa da ƙarin girma da kwas, kuma albashin ba ya kai na kamfani. Sai dai mai shekara 28 da ya mayar da rajistar harajin gari daga takarda zuwa kwamfuta, har kuɗin shiga ya daina zurarewa a hanya, ya canza rayuwar mutane fiye da masu muƙamai da yawa. Kuma daga cikinsu ne ake samun 'yan kasuwar da suka san ainihin matsalar da za su sayar wa maganinta.

Saura abin da ba a son faɗa wa matasa, wato saukowa. Wanda ya hau da wuri yana da sauran shekaru masu yawa bayan kujera, kuma ƙuruciya ba ta ba da tabbacin komai. Matteo Renzi ya shugabanci lardin Florence a 2004 yana da shekara 29, ya zama magajin garin a 2009, firaministan Italiya a 2014 yana 39, a watan Disambar 2016 ya yi murabus bayan ya faɗi ƙuri'ar raba gardama da shi da kansa ya ɗaura kujerarsa a kanta. Nayib Bukele ya faro daga magajin ƙaramin gari a El Salvador a 2012, ya zama shugaban ƙasa a 2019 yana 37, a watan Fabrairun 2020 ya shiga zauren majalisa da sojoji ɗauke da makamai. Sabon jini ne, amma salon tsoho ne ƙwarai.

Wanda labarinsa ya fi tsaya min a rai shi ne Michael Tubbs. Mahaifiyarsa tana ƙaramar yarinya ta haife shi, mahaifinsa yana kurkuku, ya samu ya yi karatu a jami'ar Stanford, ya koma garinsu Stockton a Kalifoniya ya ci kujerar kansila a 2012 yana da shekara 22, a shekarar da birnin ya ayyana cewa ya tsiyace. A 2016 aka zaɓe shi magajin gari yana 26. A watan Fabrairun 2019 ya fara wani gwaji da kuɗin masu ba da gudummawa, ba na haraji ba: ana ba mutum 125 dala 500 kowane wata har shekara biyu, ba tare da sharaɗi ba. Duniya ta yi ta magana a kansa, birane da yawa suka kwaikwaya. A zaɓen 2020 mutanen Stockton suka kayar da shi. Sunan da ya yi a waje bai zama ƙuri'a a gida ba, inda ake auna shi da masu kwana a titi da tsaron unguwa, ga kuma wani shafin intanet na garin da ya shekara yana sukarsa. Yana da shekara 30 ya zama tsohon magajin gari. Ƙungiyar magadan gari da ya kafa a 2020 don yaɗa wancan gwaji ta ci gaba da aiki bayan faɗuwarsa, shi kuma a 2021 gwamnan Kalifoniya ya ɗauke shi mai ba da shawara kan yaƙi da talauci.